Rubuta Yarjejeniya Ba Rashin Yarda Ba Ne

Na gaji da wata magana da ake yi a kasuwanninmu, daga Kantin Kwari har Singa: wai duk wanda ya ce a rubuta yarjejeniya ko a nemo lauya, to bai yarda da abokin hulɗarsa ba. Sai mutum ya damƙa wa ƙaninsa ko yaron shagonsa jari, a ce a juya a raba riba, ba takarda, ba shaida, sai "Allah ya sa albarka".

Jama'a, ina muka samo wannan? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Mun fi sahabbai riƙon amana ne? Ai ba don maƙaryaci kaɗai ake yin takarda ba. Mai gaskiya ma yana mantuwa, yana kuma mutuwa. Ranar da Alhaji ya kwanta dama, magada su ce kuɗin nan rance ne, yaron shago ya rantse jari ne kuma ya karye. Zumuncin da aka ji kunyar rubutu dominsa, shi ke fara wargajewa.

Daga nan sai a garzaya caji ofis a sa a kulle mutum, alhali dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ya ci bashi ko ya saɓa yarjejeniya. Tun 2019 Kano take da kotunan ƙananan basussuka, inda za ka iya tsaya wa kanka ba lauya. Amma hujja alƙali zai nema, kai kuwa rantsuwa kawai ka riƙe.

Don haka ka ga lauya kafin ka sa hannu, ba bayan ta ɓaci ba. In hayar shago ce, a rubuta kuɗi, tsawon lokaci, wa'adin tashi, da wanda gyara ke kansa. In haɗin gwiwa ne, a bayyana jarin kowa, rabon riba, yadda za a yi da asara, da abin da zai biyo baya in ɗayanku ya fita ko ya rasu. Takardar da aka rubuta da Turanci, a fassara maka ita layi-layi gaban shaidu. Ka yi wa kasuwancinka rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya tak ya kafa ƙaramin kamfani. Ka raba asusun shago da na cefane, ka adana rasit da saƙonnin WhatsApp na ciniki.

Gaskiya ne wasu tsadar lauya ce ke korarsu. To, ka yi ciniki da lauya tun farko kamar yadda kake yi da dillali, shi ma ya rubuta maka nawa zai karɓa.