Shin GPS Zai Fitar Da Kai Idan Ka Ɓata A Dajin Kurmi?

Ni ɗan Lamisula ne a Maiduguri, mahaifina fataucin shanu yake yi, ni kuma nake rako kaya daga Kasuwar Shanu zuwa kurmi. Yau magana nake so mu yi a kan GPS ɗin nan da ke cikin wayoyinmu, saboda da yawanmu mun ɗora masa yardar da ta fi ƙarfinsa.

Bara da damina tirelarmu ta lalace tsakanin Ondo da Ore. Muna gyara wa shanu tsayuwa, sai wani jan sa ya tsinke igiya ya dira ya faɗa daji. Sa ne na sama da naira miliyan ɗaya, kuma amana ce a hannuna. Ni da karen mota muka bi shi a guje. Ba mu yi rabin awa ba muka daina jin ƙarar motoci, ko'ina itace iri ɗaya, rana ma ba ka ganinta. Na ciro waya na buɗe taswira: sabis babu, allon fari fat, sai ɗigon shuɗin nan yana tsalle daga nan zuwa can. Wani manomin koko ne ya fito da mu dab da magariba, san kuma sai washegari aka kamo shi. Tun daga ranar na shiga bincike a kan abin da ya faru da wayata, ga abin da na fahimta.

Da farko, GPS daban, sabis daban. Mu 'yan Maiduguri mun san rayuwa ba sabis, don a watan Mayun 2013 an kashe mana layukan waya gaba ɗaya lokacin dokar ta-ɓaci. To ko a irin wannan hali GPS yana aiki, saboda ba ruwansa da dogon ƙarfen MTN ko Airtel. Taurarin ɗan Adam ne na Amurka, guda 30 da 'yan kai, suna yawo a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana. Kowane tauraro yana ta aiko saƙo cewa ga inda nake, ga kuma lokaci. Wayarka saurare kawai take yi, ba ta aika komai. Idan ta ji taurari aƙalla 4, sai ta auna tsawon lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso, ta haka take gane inda kake. Saƙon yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa kuskuren mita 300 ne a ƙasa. Kun ga aikin ba ya son cikas ko kaɗan.

A nan ne dajin kurmi ya bambanta da namu. Dajin Borno ƙaya ce da aduwa da magarya jefi-jefi, ka ɗaga kai ka ga sama a buɗe. A irin wannan fili waya mai kyau kan nuna wurinka da kuskuren da bai wuce kamar mita 5 ba. Amma a gandun daji irin su Omo a jihar Ogun, ko Okomu a Edo, ko Oban a Kuros Riba, akwai itatuwan loko da madaci masu tsawon mita 40 ko fiye, ƙarƙashinsu wasu itatuwan, ƙarƙashinsu kuma wasu. Saƙon tauraro da ma da rauni yake isowa, ga ruwan da ke cikin ganye da kututture yana shanye shi. Wanda ya tsira kuma wani lokaci sai ya bugi itace ya karkato kafin ya iso, sai waya ta ɗauka tauraron ya fi haka nisa. Abin da ke sa ɗigon tsalle ke nan alhali kana tsaye. Kuskuren kan kai mita 10, 20, har fiye, musamman a cikin kwari ko bayan ruwan sama da ganye ya jiƙe.

Sai matsala ta biyu. A gari, sabis yana taimaka wa waya ta san inda taurarin suke, shi ya sa nan take take kama wuri. Idan ba sabis, dole ta karɓo bayanin daga taurarin da kanta, kuma duk lokacin da ganye ya katse saƙon sai aikin ya ƙara ja. Abin da ke ɗaukar daƙiƙu a bakin titi sai ya ci mintuna a cikin daji.

Ta uku ita ce ta fi cin mutane, kuma ita ta ci ni. Ɗigon daga tauraro yake zuwa kyauta, amma taswirar da ke ƙarƙashinsa da data ake sauko ta. Ba ka sauke ta tun a gari ba, to ga ka ga ɗigo a farin allo, bai gaya maka gabas ba bai gaya maka titi ba.

Wasu za su ce to a sayi na'urar hannu mana, irin Garmin da masu safiyo da ma'aikatan gandun daji ke riƙewa. Gaskiya ta fi waya ta wasu fuskoki. Ba ta tsoron ruwan sama, irin su eTrex da batir biyu na AA suke aiki su yi kusan awa 25, kuma taswirarsu a ciki take. Sababbin suna sauraren taurarin GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin bayan na Amurka, wanda ke nufin ko ganye ya tare wasu, wasu za su leƙo. Akwai ma masu karɓar saƙo ta zango biyu, irin GPSMAP 67, waɗanda suka fi iya tace saƙon da ya bugi itace. Amma ko su ba sa huda kurmi yadda suke so, kuskuren raguwa yake yi kawai. Kuma na'urar GPS zalla ba ta kiran kowa. Mai aika saƙo ta tauraro irin inReach daban ce, sai da biyan kuɗin rajista.

Ga masu shiga daji neman goro, koko, gawayi, katako ko bin dabba, ga abin da nake yi yanzu. Kafin na bar gari nakan sauke taswirar yankin a Google Maps ko OsmAnd. Kafin na taka daji, ina bakin titi inda sama take a buɗe, nakan tsaya har ɗigon ya natsu, sannan na ajiye alamar wurin motata. Nakan kunna abin da ke zana sawuna, don na biyo shi na dawo. Nakan saka wayar a yanayin jirgin sama, saboda neman sabis ne ke shanye caji, GPS kuwa yana ci gaba da aiki. Fawa bank ba ya barin aljihuna. Idan ɗigon ya rikice, nemi inda itace ya faɗi ko bakin gona, ka riƙe wayar sama nesa da jikinka, ka ba ta mintuna. Idan ka samu sabis ko sanda ɗaya ce, tura lambobin wurinka ta tes, kuma ka tura su cikakku. Ka tsaya a lamba uku bayan ɗigo, ka bar masu nemanka da filin kusan mita 100, wanda a kurmi ba ƙaramin wuri ba ne.

Saura abin da babu na'urar da za ta nuna maka: dajin na wane ne. Ba mu manta ba a watan Janairun 2021 gwamnan Ondo na lokacin, Rotimi Akeredolu, ya ba makiyaya kwana 7 su fice daga gandun dajin gwamnati. Baƙo a dajin kudu abin zargi ne ko ba ya ɗauke da komai, balle a gan shi da na'ura mai eriya. Don haka ka sanar da Sarkin Hausawa ko shugaban ƙungiyarku, a nemi izinin baale ko ma'aikatan gandun, ka ɗauki ɗan gari ya shige gaba, ka riƙe katin shaidarka. Ka faɗa wa wani inda ka shiga da lokacin da za ka fito.

Ni dai da na yi haƙurin minti biyu na ajiye alamar tirelarmu kafin na bi san nan, da ban wuni a daji ba. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya mayar da kowa gida lafiya. Amin.