Ɗakin Haya Yana Yoyo, Ga Haihuwa Ta Gabato: Gyaran Na Wane Ne?

Uwargida, watan Agusta shi ne tsakiyar damina a Sakkwato, kuma a lokacin ne asirin ɗakunan haya yake tonuwa. Ko kwano ya huje, ko indararo ya toshe, ko bututun ruwa yana tsiyaya cikin bango. Bayan 'yan kwanaki sai ki ga baƙin tabo a silin ko bayan gado, ɗaki ya ɗauki warin danshi. Wannan ita ce funfuna.

Kada ki raina ta. Tana sakin ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana shaƙarsu dare da rana. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zama cikin ɗaki mai danshi da funfuna yana ƙara tari, mura, shessheƙa da tashin asma. Jaririn da zai kwana arba'in a wannan ɗaki, hanyoyin numfashinsa ƙanana ne ƙwarai.

To, wa zai gyara? A al'ada, rufi, bango da bututu na mai gidan ne, domin ɗakin zama ya ba ku haya. Sai dai ku san wani abu. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake cikin Muhtasar na Shehu Halilu, ba a tilasta wa mai gida gyara. Ɗan haya ake ba zaɓi idan lalacewar mai cutarwa ce, irin yoyon rufi: ko ya tashi, ko ya zauna ya biya kuɗin haya cikakke. Saboda haka shiru ba naku ba ne. Mijinki ya sanar da mai gidan tun ranar farko, gaban shaidu, ya ɗauki hoton wurin da waya. In ku za ku gyara a cire daga kuɗin haya, a rubuta yarjejeniyar kafin a kira kafinta. In magana ta ƙi, ga mai unguwa kafin kotu. Wasu masu gidaje fenti kawai suke shafawa a kai. Wannan rufa-rufa ce, muddin ruwa yana shiga funfuna za ta dawo.

Ku ma kuna da naku kason. Shanyar kayan jariri cikin ɗaki, tururin ruwan wankan jego da taga a rufe kullum, duk suna tara danshi. A buɗe taga, a janye gado daga jikin bango, a fitar da katifar da ta jiƙe rana kafin kwana 2. Wanke bangon da ruwa da sabulu aikin wani ne, ba mai ciki ba, ba mai asma ba.

Idan ɗakin bai bushe ba har watanki ya kama, ki shirya wani wurin jego, ko da gidan iyaye ne. Jariri kuwa in yana numfashi da sauri, ko ƙirjinsa yana loɓawa, ko ya ƙi kama nono, a kawo shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.