Ko Kun Sani? Abin da Ɓeraye Suka Koya wa Likitocin Ciwon Daji

Mazaunin unguwar Kabara da ke jinyar ɗan'uwansa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yakan yi mamakin yadda ake maimaita maganin ciwon daji zagaye bayan zagaye, ko da kumburin ya sace. Daga ɓeraye amsar ta fito. A 1964, Howard Skipper da abokan aikinsa a jihar Alabama ta Amurka suka nuna cewa a jikin ɓera mai sankarar jini, kowane awon magani kaso iri ɗaya yake kashewa na ƙwayoyin cutar, komai yawansu. Idan yana kashe 99 cikin 100, biliyan ɗaya za ta bar miliyan 10 da hannun likita ba zai ji ba, alhali ƙwaya ɗaya tak ta isa ta halaka ɓeran.

Wani zai ce ɓera ba mutum ba ne, kuma yana da gaskiya: ƙari a jikin mutum yakan rage saurin girma idan ya ƙasaita, abin da ya sa Larry Norton da Richard Simon suka gyara lissafin a shekarun 1970. Amma gyaran ƙara wa hujjar ƙarfi ya yi, domin ɗan ragowar nan ya fi saurin tohowa, kuma jinkirta zagaye na gaba shi ke ba shi fili.