Fartanyar Makaranta Ba Bulala Ba Ce

Ka tambayi ɗan aji uku a cikin birnin Kano daga ina shinkafa take zuwa, da wuya bai ce maka daga shago ba. Ba laifinsa ba ne, a buhu ya buɗe ido ya gan ta. Alhali Kura, inda ake noma ta da ruwan madatsar Tiga, ba ta kai tafiyar awa guda daga ƙofar gidansu ba.

Darasin noma yana nan cikin manhajar firamare, sai dai a kan allo ake yin noman. Malam ya zana fartanya da alli, yara su kwafa, ranar jarrabawa su lissafo kayan aikin gona biyar, shi ke nan. Abin takaicin ma, a makarantu da yawa fartanya ta gaske ba ta fitowa daga sito sai don horo: wanda ya makara a miƙa masa, a ce ya nome ciyawar bayan aji. Yaron da aka fara haɗa shi da fartanya a madadin bulala, ta yaya zai so ta?

Kuma gyaran ba ya cin kuɗi. Gwangwanin madara ya isa. A huda gindinsa, a cika shi da ƙasa da ɗan takin tumaki, kowane yaro ya binne ƙwayar wake uku, ya rubuta sunansa a jiki. Cikin kwana huɗu ko biyar tsiro zai ɗago ƙasa, a nan ne za ka ga yara na rige-rigen zuwa makaranta da sassafe. Bayan kamar wata guda sai malam ya tuge guda ɗaya, a wanke saiwar. Za a ga wasu ƙananan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero sun manne mata. A fasa ɗaya da farce, cikinsa jaja-jaja ne. Wasu ƙwayoyin halitta ne ke zaune a ciki, suna ɗaukar sinadarin naitirojin daga iska, wanda shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, su mayar da shi abincin shuka. Sinadarin nan kuwa shi manomi ke biya da tsada a buhun takin yuriya.

Ranar da ɗan ƙauye ya ga wannan, ya gane dalilin da ya sa kakansa ke tsarma wake tsakanin gero da dawa. Shi dama ya iya duƙawa, dalilin ne ba a taɓa faɗa masa ba. Ɗan birni kuma ya san cewa ƙosan da ya karya da shi yana da saiwa, kuma babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman wake a duniya.

An taɓa gwada noma na gaske a makarantu. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, makarantu suka buɗe gonaki. Yau filayen da yawa sun zama azuzuwa, wasu ma shaguna. To, ko an rasa fili, ba a rasa gwangwani da tsohon buhu ba.

Shugabannin makarantu, don Allah ku daina ba da noma a matsayin horo. Kafin damina ta zauna, a ware ko kunya biyu a bayan aji, a gayyato wani dattijon manomi daga unguwa ya nuna wa yara yadda ake saran shuka, in amfani ya nuna kuma a dafa su ci da hannunsu.