Hannun Mutanen Kankiya da Kusada a Naɗin Hafsoshi da Jakadu

Manomin da ke Kankiya ko Kusada in ya ji a rediyo an naɗa sabon hafsan sojoji ko sabon jakada, yakan ɗauka aikin Shugaban Ƙasa ne shi kaɗai. Alhali kuwa akwai mutum biyu da ya aika Abuja da ƙuri'arsa waɗanda doka ta ba su bakin magana: wakilin mazaɓar Kankiya da Ingawa da Kusada a Majalisar Wakilai, da sanatan Katsina ta Arewa. Alhaji Ahmad Babba Kaita, mutumin Kankiya, ya zauna a kujerun duka biyu, ta farko daga 2011, ta biyu daga 2018 zuwa 2023.

Sashi na 171 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce naɗin jakada ba ya tabbata sai Majalisar Dattijai ta yarda, watau wannan hurumin sanata ne kawai. Manyan hafsoshi kuwa, Dokar Sojoji ta ce sai Majalisar Ƙasa ta amince, saboda haka wakili da sanata duk suna ciki. An daɗe ana tsallake wannan sharaɗi, sai a 2013 da Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta yanke hukunci, a ƙarar da lauya Festus Keyamo ya kai, cewa naɗin da aka yi ba da yardar Majalisa ba ya saɓa wa doka.

Yadda aikin ke gudana shi ne, Shugaban Ƙasa ya aika da sunaye, a karanta wasiƙarsa a zaure, a miƙa wa kwamiti. Jakadu su tafi kwamitin harkokin waje, hafsoshi su tafi kwamitocin tsaro. Can za a duba takardunsu da rahoton jami'an tsaro da koke-koken jama'a, a yi musu tambayoyi, na hafsoshi galibi a asirce, sa'an nan kwamiti ya kawo rahoto a kaɗa ƙuri'a.

Wani lokaci kwamiti kan ciza. A watan Maris na 2017 aka ƙi amincewa da tsohon alƙali Sylvanus Nsofor, mai shekara 82, amma da Shugaba Buhari ya sake aiko sunansa sai aka yarda, ya tafi Amurka jakada.

Abin da ya fi taɓa mutanen Katsina shi ne na 2021. A 2020 Majalisar Dattijai ta nemi a sauke manyan hafsoshi saboda taɓarɓarewar tsaro, kuma a watan Disamba na shekarar aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. A watan Janairu aka canja hafsoshin. Wata bai cika ba aka aiko sunayensu a matsayin jakadu, majalisar da ta koka da su kuma ta amince, duk da koke-koken da aka gabatar. Janar Tukur Buratai ya tafi Jamhuriyar Benin.

Don haka in wakili ko sanata ya zo gida neman ƙuri'a, ya kamata bayan maganar taki da rijiya a tambaye shi abin da ya tambayi hafsan da aka ɗora wa tsaron gonakinmu, da kuma dalilin da ya sa ya ɗaga masa hannu.