Sauya jami'a ana tsakiyar karatu: Abubuwan da ɗalibi zai auna kafin ya yi zaɓi

A kowace shekara ana samun ɗalibai a Najeriya da ke neman barin jami'ar da suka fara karatu domin komawa wata. Wasu fannin da aka ba su ne bai dace da su ba, wasu kuma larura ce ta tilasta musu, kamar waɗanda aka kwaso daga Yukren a 2022 da Sudan a 2023 bayan ɓarkewar yaƙi. Ko mene ne dalili, sashen da ɗalibi zai shiga ya fi sunan jami'ar muhimmanci.

Abu na farko shi ne matsayin fannin a wurin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC. Hukumar tana tantance kowane fanni daban-daban ne. Cikakkiyar amincewa tana ɗaukar shekara biyar, ta wucin gadi shekara biyu, fannin da aka hana shi amincewa kuwa ba ya ɗaukar sabbin ɗalibai. Saboda haka jami'a na iya yin suna alhali wani sashenta yana tangal-tangal.

Fannonin ƙwararru suna da ƙarin sharaɗi. Majalisar Likitoci ta MDCN ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace tsangayar likitanci za ta ɗauka, Majalisar Ilimin Shari'a kuma ke ware wa kowace jami'a gurabenta a Makarantar Horas da Lauyoyi. Tsangayar da ta zarce adadinta takan bar waɗanda ta yaye cikin dogon jira.

Na biyu shi ne makomar darussan da ɗalibi ya riga ya ci. A ƙarƙashin manhajar CCMAS da NUC ta ƙaddamar a watan Disamban 2022, kashi 70 cikin ɗari na darussa bai ɗaya ne a faɗin ƙasa, kashi 30 kuma kowace jami'a ke tsara nata. A wannan kaso ne ake yawan samun saɓani. Sabuwar jami'a ke yanke hukunci kan abin da za ta karɓa bayan ta duba takardar sakamako, kuma galibi aji biyu ake sa mai sauyi. Wanda ya kai aji uku na iya asarar shekara guda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai son yin hidimar ƙasa, domin wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala digiri takardar yafewa ake ba shi.

Na uku shi ne rajistar JAMB. Tun 2017 hukumar ke gudanar da ɗaukar ɗalibai ta tsarin CAPS, kuma NYSC na dogaro da kundinta wajen kiran masu hidima. Idan ba a shigar da sauyin a kundin ba, sunan ɗalibi zai ci gaba da zama a tsohuwar makaranta, matsalar kuma ba za ta fito fili ba sai bayan ya kammala.

Daga nan sai ɗalibi ya duba ko sashen ya dace da burinsa: malaman da ke koyar da reshen da yake so, ɗakunan gwaji, ɗakin karatu da kalandar zango. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, abin da ya sa wasu suka karkata ga jami'o'i masu zaman kansu, inda kuɗin makaranta ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Wani lokaci sauya sashe a cikin jami'a ɗaya ya wadatar, kuma ya fi sauƙi. Wanda ya ƙuduri aniyar tafiya kuwa, bai kamata ya saki gurbinsa ba sai takardar karɓa daga sabuwar jami'a ta shiga hannunsa, don kada ya saki reshe ya kama ganye.