Jaruman roba na gwanjo: wanne za ka adana, wanne za ka yi wa fenti?

Duk mai bi ta kasuwar Narayi, ko ta Sabon Tasha da Kakuri, ya san irin wannan shimfiɗa. An zazzage buhun kayan wasa na gwanjo a kan leda, ga motoci marasa taya, ga 'yan tsana da gashi a cukurkuɗe, ga kuma tarin ƙananan mutanen roba, wani ba hannu, wani fuskarsa ta koɗe. Iyaye kan tsaya su saya wa yara da 'yan canji. Amma a TikTok da Instagram, irin waɗannan jaruman roba suna da manyan masoya, mutane masu gemu da iyali, da ke tara su, suna gyara su, suna sake musu kama.

Idan harkar ta fara burge ka, akwai abin da ya kamata ka iya kafin ka kama buroshi, wato rarrabe jarumin da za a bari yadda yake da wanda za a iya sarrafawa. Wanda bai iya wannan ba, ko dai ya lalata abu mai daraja da hannunsa, ko kuma a yi masa sakiyar da ba ruwa a intanet.

Daga ina suka fito?

A shekarar 1964 kamfanin Hasbro na Amurka ya fitar da wani soja mai tsawon inci 12, mai gaɓoɓi masu motsi, ya sa masa suna G.I. Joe. Kamfanin ya san yara maza ba za su yarda a ce suna wasa da 'yar tsana ba, sai ya ƙirƙiro sunan action figure, wato mutum-mutumin jarumi. Sunan ya bi su har yau.

Da fim ɗin Star Wars ya fito a 1977, ƙaramin kamfanin Kenner ne ke da lasisin yin kayan wasansa, kuma kasuwa ta zo masa ba shiri. A Kirsimetin shekarar, kwali kawai ya sayar, da takardar alkawarin cewa jaruman za su iso daga baya. Da suka fito a 1978, tsawonsu bai kai inci 4 ba, abin da ya sa yaro zai iya tara su da yawa. Daga nan sai Mattel ya kawo He-Man a 1982, Hasbro ya kawo Transformers a 1984 daga ƙirar kamfanin Takara na Japan, kunkurun Ninja Turtles suka zo a 1988, Power Rangers kuma a 1993.

Mu a nan, ta talabijin muka san yawancinsu. Tambayi duk wani yaya ko kawu da ya tashi a Kaduna a shekarun 1980 da 1990 game da Voltron a NTA, ka ga yadda fuskarsa za ta washe. Sai dai kaɗan ne a cikinsu suka taɓa riƙe na asali a hannu. Abin da yaran Turai da Amurka suka gama wasa da shi ne ke isowa gare mu a dilar gwanjo, bayan shekara ashirin ko talatin.

Maganar kuɗi, ba ƙarya

Ka taɓa ganin bidiyon da ke cewa an sayar da ɗan roba a kan dala miliyan? Gaskiya ne, amma saurari sauran labarin. A watan Agustan 2024, gidan gwanjon Goldin ya sayar da wani Boba Fett na Star Wars a kan sama da dala miliyan 1.3. Samfurin gwaji ne na 1979 mai harba roka daga bayansa, wanda ba a taɓa kai shi shago ba saboda tsoron kada yaro ya haɗiye rokar. Ƙalilan ne suka rage a duniya.

Shi kuwa Kenner, tsakanin 1978 da 1985 ya sayar da jaruman Star Wars kusan miliyan 300. Ka ga ke nan yawancin abin da za ka tsinta a Narayi ko Kasuwar Barci na gama-gari ne. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙaranci, da lafiyar jiki, da cikar kaya kamar bindiga ko takobi ko hula, uwa uba idan yana cikin kwalinsa ba a buɗe ba. Na gwanjo kuwa da wuya ya zo da ko ɗaya daga kayansa.

Saboda haka kar ka shiga da niyyar yin kuɗin dare ɗaya. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, duk abin da za a yi oda daga waje ya zama sai mai hali, ga kuɗin jigila. Idan wani ya turo maka hoton farashi daga eBay yana zuga ka, duba nawa aka sayar da irinsa a zahiri, domin kowa na iya rubuta kuɗin da ya ga dama. Kuma kar ka tura wa baƙon da ka haɗu da shi a Facebook ko Jiji kuɗi kafin ka ga kaya a bidiyo kai tsaye.

Juya shi ka karanta

Kafin ka biya, juya jarumin. A bayansa, ko a cinya, ko a tafin ƙafa, za ka ga ƙananan rubutu da ke nuna sunan kamfani da shekara da ƙasar da aka ƙera shi. Tsofaffi na shekarun 1970 da 1980 sukan ɗauki Hong Kong ko Taiwan ko Malaysia, yawancin na baya-bayan nan kuma China. Lura fa, shekarar da ke jiki ta haƙƙin ƙirar ce, don haka ana iya sake buga shi daga baya da tsohuwar shekarar. Ɗauki hoto, ka bincika a Google Lens, ka kwatanta.

Idan ya tabbata tsoho ne na asali kuma fentinsa na nan, wanke shi kawai da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ka ajiye. A idon masu tarawa, ranar da ka shafa masa sabon fenti, ranar darajarsa ta tafi. Wanda za ka yi wa aiki shi ne na gama-gari, ko jabu, ko wanda ya riga ya karye.

Yanayinmu ba ya raga wa roba

Rana ce babbar abokiyar gaba. Farar roba mai tauri takan koma ruwan ɗorawa idan haske ya daɗe yana dukanta, mai laushi kuma takan fara danƙo idan zafi ya yi yawa. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano a watan Maris da Afrilu tanda ne. Nemi inuwa, nesa da taga, cikin kabad mai gilashi saboda ƙurar hunturu. Wasu na jiƙa wanda ya yi rawaya a ruwan haidurojin na wanke ciwo su shanya a rana. Yana yin fari, amma rawayar kan dawo, kuma fenti na iya dusashewa.

Kar ka kuskura ka goge shi da fetur, ko tina, ko abin cire jan farce, domin suna cin roba. Idan kana son cire kai ko hannu, tsoma shi a ruwan zafi na kamar minti ɗaya, robar za ta yi laushi ta fita ba tare da karyewa ba. Ƙananan G.I. Joe na 1982 zuwa sama suna da sukuru a baya da zoben roba a ciki. Idan ka ga ɗaya ya rabu biyu, zoben ne ya ruɓe, kuma masu kayan famfo na sayar da irinsa.

Wajen fenti, yi amfani da akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa. Fentin mai ba ya bushewa da kyau a kan roba mai laushi, haka zai yi ta danƙo. Goga sanfefa mai laushi tukuna, sannan ka shafa siriri sau uku maimakon mai kauri sau ɗaya.

Akwai kuma batun ƙannenka. Wani bincike da Dokta Andrew Turner na Jami'ar Plymouth a Ingila ya wallafa a 2018, kan tsofaffin kayan wasa 200, ya gano dalma da wasu sinadarai masu guba a cikin wasunsu. Tsohon jarumi na kan kanta ne, ba na bakin jariri ba.

Jaruminmu fa?

A nan ne harkar ta fi daɗi. A 1985 wata Ba'amurkiya baƙar fata, Yla Eason, ta ƙirƙiro jarumi Sun-Man bayan ƙaramin ɗanta ya ce ba zai iya zama jarumi ba tunda He-Man fari ne. A Legas, Taofick Okoya ya fara 'yan tsanan Queens of Africa a 2007, ciki har da Azeezah mai wakiltar Hausawa. Haneefah Adam 'yar Ilorin kuwa, da allura da ƙyalle ta ɗinka wa Barbie hijabi da abaya, ta buɗe shafin Hijarbie a Instagram, a 2016 kafafen labarai na duniya suka yi ta ɗaukar labarinta. Ba ta da masana'anta, waya ce da hannu.

To yanzu dubi He-Man ɗin gwanjo mai faɗin ƙirji wanda fentinsa ya gama fita. Naɗa masa zare a hannu guda, ka ɗinka masa warki da guntun fata, ka rataya masa laya, ya zama ɗan dambe. Sojan da ya rasa bindiga zai iya zama dogari da ja da kore, ko ɗan lifidi na hawan Sallah a Zariya, ko maharbin bikin Afan na Kagoro da kwari da baka. 'Yar tsanar da aka yar za ta iya zama Sarauniya Amina, ko matar Gbagyi da kaya a kafaɗa. Tela na layinku yana zubar da ƙyallayen da za su ishe ka, a Panteka kuma ba ka rasa guntun waya da langa-langa na yin takobi da garkuwa.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaran da suka ƙera motar kara da ta gwangwani, da 'yan matan da suka yi wa 'yar tsanar ƙashi kitso da zane, aikin ke nan suke yi tun kafin a san da intanet.

Narayi unguwa ce ta kowa da kowa, kuma gidaje sun bambanta. A gidajen Musulmi da dama akwai ƙyamar ajiye mutum-mutumi, kuma malamai sun yi bayani a kan bambancin kayan wasan yara da abin da babba ke girkewa don ado. Idan abin ya shafe ka, tambayi malaminka, ka kuma girmama dokar gidanku. Mai son kauce wa siffar mutum yana da motoci da jirage da zai gwada hannunsa a kansu.

Ga mai son farawa, sayi uku kawai a wannan makon. Karanta bayansu, ka ware wanda ya cancanci ajiya, ka zaɓi mafi lalacewa ka fara da shi. Ɗauki hotonsa kafin aiki da bayan aiki, ka ɗora. Na farko ba zai yi kyau ba, fentin zai yi kauri, idon zai karkace. Ajiye shi duk da haka, domin ranar da ka gama na goma za ka so ka jera su ka gani.